Na Yi Wa Goɗiyar Surukina Ɗura, An Ɗora Wa Wani Laifin

Malam Edita, ina gaishe ka, ina gai da masu karanta wannan shafi. A sakaya sunana, kuma kada kowa ya yi gaggawar zagina, don na riga ku.

Ni mai kiwon dawaki ne a Kontagora, gadon gidanmu ne. Bara surukina, wani dattijo manomi a Kaboji, ya kawo mini goɗiyarsa kiwo. Ta ɗauki ciki, amma sai ramewa take yi, gashi ya tashi, kullum tana goga gindin wutsiya a jikin garu. Kowa ya gani ya san tsutsar ciki ce. Shi kuwa tsohon, wai shi mai son zamani, sai ya aiko a kira malamin dabbobi, ina zaune da raina.

Malamin ya zo a kan keke, da gajeren wando, ƙafafu kamar sillen kara, mutumin da na tabbata ko linzami bai iya sawa ba. Ya zagaye cikinta da igiya wai yana awon nauyi, ya auni wani koren gari ɗan mitsitsi ya cuɗa da dusa. Ya ce, "Baba, mai ciki ba a yi mata garaje. Wannan ya isa. Fitsarinta zai yi ja, kada ka tsorata, halin maganin ne. Amma don Allah kada a yi mata ɗura sai ta haihu." Na ce, "To, Malam." A raina kuwa na ce, tun kafin a haifi uwar mai sabulu balbela take da farinta.

Wane irin magani ne ba zawo, ba tsutsa a kashi? Wannan ai wasan yara ne. Sai na jiƙa ɓawon maɗaci da jar kanwa ya yi kauri, na ɗaga kanta na ɗura mata da ƙaho, yadda mahaifina yake yi wa ingarmu. Ban manta ba cewa mahaifin nawa bai taɓa ɗura wa mai ciki ba, ƙin tunawa na yi, don in nuna wa mai gajeren wando iyakarsa. Ta dinga gumi tana birgima, kafin la'asar ta yi ɓari. Namiji ne, har da farin goshi.

Maƙwabta suka taru, suka ga jan fitsari a bakin turke, nan take suka yanke hukunci wai maganin Nasara ne ya tsinka mata jini. Garken tumaki kawai. Ba wanda ya tambayi abin da ya sa ƙahon da ke rataye a barga yake jiƙe. Ni ban yi ƙarya ba, kai kawai na girgiza, amma ashe girgiza kai ma ƙarya ce? Yanzu in an hango keken malamin sai a ɓoye dabbobi. Ya same ni a kasuwa, ya rusuna ya gaishe ni, ya ce, "Baba, ka tabbata ba a ba ta komai ba bayan tafiyata?" Na ce, "Kai ka san abin da ka ba ta." Ya yi mini godiya ya wuce. Godiyar nan ta fi zagi ciwo, kuma har yanzu ban daina raina shi ba, sai dai na fi raina kaina.

Ga inda gizo ke saƙa. Surukina ya kai ƙarar malamin gaban alƙali, ya zo ya dafa kafaɗata ya ce, "Kai ne shaidata. Wanda na ba 'yata, ai ba zan ƙi yarda da shi a kan goɗiya ba." Alƙali ya ce sai na dafa Alƙur'ani cewa bayan garin malamin ba abin da ya shiga bakinta. In na rantse, yaron ya rasa aikinsa, ni kuma Alƙur'ani ya ci ni. In na faɗi gaskiya, ba mai sake ɗaure doki a turkena, kuma ban san idon da zan dubi tsohon nan da shi ba. Matata har ta wanke mini rigar da zan sa ranar.

Jama'a, me zan yi?