Katangar da Ta Bar Mutum Bakwai a Waje

Daga: Ɗan marigayi mai gyaran rediyo,
Gida na ƙarshe, layin bayan maƙabarta.

Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Sashen Ayyuka da Filaye,
Ofishin Hukumar Gari.

Alhamis, 9 ga Mayu.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: SABUWAR KATANGAR MAƘABARTAR ZURIYAR MAI RIJIYA, DA MAGUDANAR RUWAN DA ZA A HAƘA A BAYANTA

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina neman izinin gabatar da kukana a rubuce. Na gabatar da shi da baki sau uku a ofishinka, ban kai ga ganinka ba.

Ni jikan jika ne ga Mai Rijiya, wanda ya haƙa rijiyar farko a garin nan, gidansa kuma ba ɓoyayye ba ne. Ya bar 'ya'ya maza huɗu. Daga na huɗun muka fito. Sauran ukun sun ba gari alƙali da likita da 'yan kasuwa. Mu masu gyara ne da ɗinki, kuma mu ne muke riƙe da sanin maƙabartar gidan. Ga abin da ya faru:

1. Kaburburanmu ba su da alama ko rubutu. Da taku ake gane su, daga murfin tsohuwar rijiyar da ke tsakiyar filin. Kakana ya koya wa mahaifina, mahaifina ya koya mini, kowace Asabar tun ina aji biyu na sakandare. Yakan ja kunnena idan na tsawaita taku. Mutum arba'in da ɗaya ne kwance a wurin. Na san kowa da sunansa da layinsa. Layin ƙarshe ta yamma yana taku ashirin da biyar daga murfin, mutum bakwai ne a cikinsa, duk 'yan ɗakinmu. Na bakwai shi ne mahaifina, wanda muka binne shekara biyu da rabi da suka wuce. Ni na shiga ramin na karɓe shi.

2. Bara baffana mai kemis, wanda shi ne babban gidan yanzu, ya sa mai fenti ya zana salsalar zuriyar a babban allo, da ƙaramin tauraro a gefen sunan duk wanda ke kwance a maƙabartar. Allon ya yi kaɗan. Reshe uku suka cinye shi, namu bai samu wuri ba. Mai fentin da bakinsa ya shaida mini cewa ya faɗa wa Baffa, Baffa ya ce a bari za a ƙara katako daga baya. Ba a ƙara ba. Aka rataye allon a falonsa, aka tara manyan gari aka buɗe shi da tafi. Mun je, mun zauna a baya. Mahaifiyata ta ce in yi shiru, katako ne kawai. Na yi shiru.

3. A ranar Litinin 5 ga Fabrairu safiyon ofishinka ya zo auna katanga. Da bai ga alamar kabari ba, ya tambayi adadin mamatan. Baffa ya ba shi hoton allon. Ya ƙirga taurari, ya samu talatin da huɗu, ya auna fili daidai talatin da huɗu, ya kafa turaku. Baffa ya sa hannu. Ba na nan. Na tafi rubuta jarrabawar shiga makarantar koyon aikin lantarki, kwana huɗu kacal. Da na dawo na tarar katanga ta kai ƙugu, a taku ashirin da biyu, motar ɗan kwangila kuma ta baje duk abin da ke bayanta. Tudun kabarin mahaifina, wanda dama damina biyu ta rage shi, ya zama daidai da hanya. Yanzu masu babur suna yanke ta kansa.

4. A ranar 12 ga Fabrairu na zo ofishinka. Magatakarda ya ce maganar zuriya ce, in kawo takarda daga babban gida. Na je wajen Baffa, na durƙusa. Ya ce maganar hukuma ce, aikin gama ya gama, kada in tona masa asiri a gari saboda taku uku. A ranar 4 ga Maris na dawo. Aka ce safiyo ya fita aiki. A ranar 22 ga Afrilu na same shi. Ya saurare ni da mutunci, ba zan ɓoye ba. Ya ce shi ba ya aiki da takun mutum, da takarda yake aiki, in kawo shaidar cewa akwai kabari a wurin.

5. Ranka ya daɗe, shaida guda ce ta rage, ita ce a tona. Ba zan tona mahaifina don in hana a tona shi ba. Tsofaffin da suka halarci jana'izarsa sun ce sun tuna ta yamma ne, amma ba za su rantse a kan taku ba, kuma yawancinsu a kemis ɗin Baffa suke karɓar magani. Ban ga laifinsu ba.

6. An manna sanarwa cewa ranar Litinin 20 ga Mayu za a fara haƙa magudanar ruwa a bayan katangar. Na auna turakun ɗan kwangila. Suna taku ashirin da biyar zuwa ashirin da shida.

7. Na ci jarrabawar. Takardar shiga makarantar tana cikin akwatin kayan aikin mahaifina, kuma ranar 31 ga wannan wata za a rufe rajista. Ban tafi ba. Mahaifiyata ba ta hana ni ba, sau ɗaya dai ta ce kwana huɗu kawai na yi ba na nan, ga abin da ya faru. Tun da aka kafa turakun magudanar, kullum da safe nakan ɗauki benci in zauna a wurin har ma'aikata su tashi, don kada wani ya gwada shebur kafin ranar. Masu shagunan layin suna kirana safiyon matattu. Suna tambayata ko mutanena sun tashi lafiya. Nakan amsa musu.

Saboda haka, cikin ladabi nake roƙon Mai Girma abu uku. A dakatar da haƙar har a duba. A turo safiyo, ko wanda ka yarda da shi, ya tsaya tare da ni a kan murfin rijiyar, in taka masa layukan da ke cikin katangar ɗaya bayan ɗaya, ya gwada da sunayen allon. Idan na kuskure ko ɗaya cikin talatin da huɗun, a yi watsi da wannan takarda. Idan ban kuskure ba, a yarda da ni a kan bakwai ɗin, a matsar da katangar yamma taku shida. A kuma rubuta ƙirgen a ajiye a ofishinka, ya daina zama a kaina ni kaɗai.

Ban nemi a hukunta kowa ba. Ban nemi a taɓa allon ba, Baffa ya riƙe abinsa.

Ba ni da ikon tsayar da motar haƙa, kuma ba zan yi rigima da ma'aikatanka ba. Ina dai sanar da kai tun yanzu, don kada a ce na yi ba da sani ba: ranar Litinin ɗin zan kasance a kan bencina. Ina roƙon a gaya wa direban ya duba gabansa.

Allah ya ƙara maka lafiya da adalci. Ina jiran amsarka a adireshin da ke sama, ko a taku na ashirin da biyar, inda aka fi samuna.

Naka mai biyayya,

(sa hannu)
Ɗan marigayi mai gyaran rediyo,
daga ɗakin ɗa na huɗu.