Bakin Gwaggo

Vaitupu, Walis

Zuwa ga Yaya Epifania,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da ɗalibanki. Mu nan lafiya, sai ruwan sama da ya ƙi ɗaukewa. Na ba matar Setefano doya da gwaza da gasasshen kifi ta kawo muku a jirgin Talata. Kifin na ɗana Vitolio ne, kada ki raba wa maƙwabta.

Yaya, ashe ni kaɗai ce a tsibirin nan ban sani ba. A ƙofar coci mai dafa wa Fada abinci ta tare ni, wai, "Barka, uwar soja!" Na ce wane soja? Na aiko miki ɗana Numeya ya koyi gyaran wuta, ashe jarrabawar shiga soja yake shiri, kuma wai ke ce ke koya masa Faransancin da ya kayar da shi bara. Sai na zauna a dakalin cocin.

Tare muka karɓi akwatin Kusitino. Ƙanenki ne kafin ya zama mijina. Kin tuna an lulluɓe shi da tuta, an ce kada mu buɗe. Daga ƙasar da har yau ban iya faɗin sunanta ba aka kawo shi.

Ba abu mai wuya nake roƙo ba. Ke ce gwaggonsa. Uwa takan yi kuka a wuce ta, amma wane ɗan Walis ne yayar ubansa za ta ce a'a ya ɗaga ƙafa? In kuwa bakinki ya yi nauyi, ki koya masa ba daidai ba. Ya faɗi, ya ji kunya, ya dawo gida.

Allah ya tsare ku.
Taki, Falakika

*

Numeya

Matarmu,

Na gaishe ki, na gaida mutanen gida. Kifi ya iso. Ɗanki ya cinye har ƙaya, ya bar mini kan, wai girmamawa.

Abin da kika ji gaskiya ne. Na yi shiru ne saboda ya roƙe ni kada in faɗa miki, kuma na ɗauka zai gaji. Samari sukan gaji da Faransanci, na daɗe ina kallonsu. Wannan bai gaji ba.

Makon nan muna kan abin da Faransawa ke kira futur antérieur. Mutane ne masu gaggawa: sun tanadi hanyar da mutum zai tsaya a gobe ya waiwayo, ya ba da labarin abin da bai faru ba kamar an gama shi. J'aurai fini, wato kafin lokacin na riga na gama. Na ce ya kawo misali. Ya ce, "Kafin Mama ta tsufa, na riga na sa mata rufin kwano." Na ce wani. "Kafin a haƙa doyar baɗi, na riga na ga ƙanƙara da idona." Duk misalansa haka suke, ba ko ɗaya da aka yi a Walis.

Akwai wasu kalmomin aiki da ke bin tasu hanyar: tafiya, zuwa, shiga, fita, faɗuwa, mutuwa. Na jera masa su a allo, na tsallake ta ƙarshen.

"Gwaggo, kin manta ɗaya."

"Ba ta fitowa a jarrabawa."

"Kai! Malama guda da tsoron kalma?"

Ya karɓi allin ya jera ta da kansa, daga "na riga na mutu" har "sun riga sun mutu", ba kuskure ko ɗaya. Yana riƙe alli kamar ubansa, da hagu. Na ce madalla, na shiga banɗaki na buɗe famfo don kada ya ji ni.

Koyar da shi ba daidai ba kuwa, na gwada. Hannuna ya gyara kafin in ankara. Batun bakin gwaggo kuma, ki yi haƙuri. Ban je har Faransa karatu don in dawo ina ɗaure mutane da baki ba. Ki rubuta masa da kanki.

Ki huta lafiya.
Epifania

*

Vaitupu

Yaya,

Ina gaisuwa. Na karanta takardarki, na ga har da wasa a ciki. Ke kina da famfon da za ki buɗe. Ni in na hango maza biyu sun nufo gidan nan a jere, kamar ranar da aka kawo labarin Kusitino, sai in saki abin da ke hannuna. Jiya masu gyaran hanya ne, na fasa kwano.

Na rubuta masa. Ya amsa da cewa in daina damuwa, har ya zana mini gida mai rufin kwano.

Wai ba kya ɗaure mutane da baki. Ranar jana'izar Kusitino wa aka shimfiɗa wa tabarma a sama? Wa aka fara kai wa kan alade da tabarmi mafi laushi? Ban ga kin ce kin yi karatu a Faransa ba. Kin zauna, kin karɓa. Al'adar da ta ciyar da ke ranar nan ita nake roƙo yau.

Kalma ɗaya ce, Yaya. In ba don ni ba, don ƙanenki.

Allah ya ba mu alheri.
Falakika

*

Numeya

Falakika,

Gaisuwa. Kin iya harbi. Ban san kin ajiye zancen kan aladen nan ba.

Na faɗa. Ranar Lahadi bayan coci na kira shi, na ajiye Faransanci gefe, na yi masa magana da harshenmu. Na ce, "Ni yayar ubanka, ban yarda ka tafi ba."

Ina ma kin gani. Ƙaton da ke sunkuyawa kafin ya shiga ƙofata ya sauka daga kujera ya zauna a ƙasa, ya naɗe ƙafa, ya sunkuyar da kai. Na yi shekaru ina roƙon yara su yi shiru a aji, ban taɓa samun irin wannan shirun ba. Ya ce, "Na ji, Gwaggo." Na ɗauka shi ke nan. Har na ɗan ji daɗin kaina, Allah ya yafe mini.

Ya ci gaba da share tsakar gida, yana ɗauko mini kaya daga kasuwa. Ya daina kawo littafinsa. Ashe wurin wata malama a ƙarshen layinmu yake zuwa, wadda na san ba ta kai ni ba.

Ya yi jarrabawar. Ya ci. Ya ajiye mini takardar a kan tebur, ya koma ƙasa ya zauna.

"Ba cewa ka yi ka ji ba?"

"Na ji mana. Ban ce na fasa ba."

"Ka san abin da ake faɗa a gida kan wanda ya tafi gwaggonsa ba ta yarda ba?"

"Na sani," ya ce. "Amma ke ai ba ki yarda da irin waɗannan ba, ko?"

Yana kallona yana jira in yi dariya. Na nemi dariyar na rasa.

Ƙarshen wata za su tashi.

Epifania

*

Vaitupu

Yaya, ina gaisuwa a gurguje, jirgi na shirin tashi.

Me muka yi? Na je wurin tsohuwa Sapeta da takardarki. Ta ajiye tabarmar da take saƙawa ta ce, "Wa ya ba ku wannan shawarar? Bakin gwaggo ba a jefa shi don gwaji. In yaro ya tsaya, lafiya. In ya tafi, da shi zai tafi." Sannan ta faɗa mini abin da ban taɓa ji ba. Kusitino ma gwaggonku ba ta yarda ba. A bakin jirgin ruwa ta juya masa baya.

Kin san wannan? In kin sani, don me ba ki hana ni ba?

Ki janye, Yaya. Na durƙusa. Ya tafi, na haƙura, amma kada ya tafi da a'a ɗinki a wuyansa. Ta ce ki ɗora masa hannu a ka gaban mutane ki ce kin sake shi. Na sa sarƙar furen tiyare a kwali, ki rataya masa a wuya.

Falakika

*

Numeya

Matarmu,

Gaisuwa. Ban sani ba. Ina Faransa lokacin, ba wanda ya gaya mini.

Furen ya iso a yamushe, na rataya masa a haka. A filin jirgi, gaban sajansu da iyayen mutane, na ce ya sunkuyo. Na ɗora hannu a kansa, sun riga sun aske shi. Na ce na sake shi, ya je ya dawo. Abokansa suka yi shiru, 'yan Walis ne da yawansu.

Ya ɗago ya ce a hankali, "Da baki, Gwaggo, ko har zuciya?"

Na ce har zuciya. Ya yi murmushi, ya ɗauki jakarsa.

Falakika, ƙarya na yi. Hannuna na kansa, cikina na cewa kada ka tafi. Ki koma wurin Sapeta ki tambayar mini ko na baki kaɗai ya isa. Kada ki ce ni na aiko. Ko kuma ki ce, ba komai. Ki dai tambaya.

Taki,
Epifania