Mahaucin Unguwarmu Yana Yi Wa Matata Gyara

Malama Taibatu, don Allah ki taimake ni da shawara kafin in aikata abin da zan yi da-na-sani. Kunya ma nake ji, namiji da gemunsa ya kawo irin wannan ƙara, amma abin ya ci ni.

Ni ɗan Talata Mafara ne, gidanmu gidan fawa ne tun kakanni. Karatu ya kawo ni Maleshiya wata takwas ke nan, na taho da matata Nusaiba, 'yar Damri. Kin san yadda muke a gida, cefane na maigida ne. Mahaifiyata har ta tsufa ba ta san inda rumfar mahaifina take a kasuwa ba. To a nan tun bakwai na safe nake fita, sai bayan magariba in dawo, kasuwar unguwarmu kuwa kafin azahar ta watse. Dole na sakar mata cefane.

Na ɗauka kuka za ta riƙa yi mini. Ina! Cikin wata uku yarinyar nan ta kama yarensu, ta san motar da za ta hau, maƙwabta har abinci suke aiko mata. Ni mai takardun har yau da yatsa nake nuna abin da zan saya.

Akwai mahaucin da take sayen nama wajensa. Nusaiba ba ta iya gaisuwa gajera ba, sai ta tambayi kwana da gajiya da iyali da kasuwa, kamar tana gaban baffanta. Mutanen nan ba su saba da haka daga baƙo ba. Yanzu duk ranar da ta je, sai ya ɗora mata gyara, yau hanta, gobe ƙoda. Malama, ni fa ɗan mahauta ne, na san gyara. Da shi na fara neman aurenta. Duk ranar kasuwar Damri in gwaggonta ta zo sayen nama, hanta nake ɗora mata har ta gane inda na dosa.

Wata Asabar na raka ta kasuwar. Na tsaya riƙe da leda kamar ɗan dako, suna magana suna dariya, ban tsinci komai ba sai sunanta a bakinsa. Da na tambaye ta, ta ce cewa ya yi ashe ni ne mai karatun. Wataƙila hakan ne, ta ina zan sani tunda ba na jin yaren? Tun ranar na daina cin nama a gidan, na ce mata cikina ne. Ta koma dafa kifi, kullum tana roƙona in je asibiti.

Tsakanina da Allah ban taɓa ganin wani abin ashsha gare ta ba. Kishi nake, kuma yana cina. Na riga na duba tikitin jirgi. Niyyata in ce mata Inna na bukatar mai taya ta aiki, in mai da ita gida ƙarshen wata, ta zauna har in gama, shekara biyu da rabi. Ba ta san komai ba. In yi ko in fasa?

Naki, Ɗan Fawa a Baƙunta.

Ɗan Fawa, ka fasa. Ka fara rufe maganar tikitin nan, sannan ka saurare ni.

Ban ga laifinka don ka yi kishi ba. Ka tashi inda matar aure ba ta ciniki da mahauci, rana ɗaya ka ga taka tana yi, da harshen da ba ka ji. Kowa zai ji wani iri. Amma ka auna mutumin nan da mudun kanka. Don kai ka yi zance da hanta, ba shi ke nuna kowane mahaucin duniya haka yake ba. Ɗan kasuwa yana yi wa mai zuwa kullum gyara don kada ta koma rumfar gaba, ka fi ni sani.

Na karanta wasiƙarka sau biyu. Rabin zafin nan ba na mahauci ba ne. A Mafara kai ne gaba, kai ka san kasuwa da mutanenta. A can ita ta waye, kai kana riƙe da leda. Ka yi tsammanin za ta jingina da kai, sai ta tsaya da ƙafarta, kuma cefanenka ta tsaya yi.

Ita ma akwai abin da za ta rage. Gaisuwarmu tarbiyya ce, amma a wani wurin ana iya yi mata wata fassara. In ka gaya mata cikin mutunci, za ta taƙaita. Sai dai ba za ta gyara abin da ba ta sani ba, ga ta can tana damuwa da cikin da lafiyarsa ƙalau. Ka zaunar da ita ka ce kishi kake, da bakinka. Ku mai da cefanen nama ranar Asabar, ita ta yi magana, kai ka zaɓi nama, tunda aikin gidanku ne. Ka roƙe ta ta riƙa koya maka yaren, ko kalma biyar a rana.

Ka kuma tuna inda za ka tura ta. Matar da aka kai ƙasar waje aka dawo da ita kafin shekara, babu wanda zai yarda aikin Inna ne. Daga Mafara har Damri za a ce wani abu ta yi. Kai za ka gama karatu ka dawo da takarda, ita kuma maganar za ta bi ta har 'ya'yanta su ji, alhali da hannunka ka rubuto mini cewa ba ta yi komai ba.

Allah Ya sanyaya maka zuciya, Ya ba ka sa'ar karatu, Ya dawo da ku gida tare.