Muryar Baba a Tsohuwar Kwamfuta

Yaya,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara? Ya ƙafar Umma, tana shan maganinta kuwa? Ni lafiya ƙalau, aiki da godiya.

Kin tuna tsohuwar kwamfutar Baba, Allah ya jiƙansa, da na taho da ita? Ta yi nauyi, sai na shanye shayi kafin ta buɗe. Wata abokiyar aikina ta ce in canja mata manhajar da ke tafiyar da ita, akwai ta kyauta wadda mutane suka haɗu suka yi, kowa na iya gyarawa. Na ce ai da kaina zan sa. Ana tsaka da sawa ta tambaye ni ko ta share komai, ni kuma da garajen nan nawa na danna "e".

Yanzu gudu take kamar sabuwa. Amma hotunan Baba sun tafi, har da muryarsa yana min faɗan in riƙa cin abinci.

Kada ki gaya wa Umma. Ban yi kuka sosai ba. Don Allah ki duba tsohuwar wayarsa a durowa. Ko tarinsa kika samu, turo min.

Ƙanwarki mai kunnen ƙashi.