Jan Kati da Shuɗin Kati

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da jaririya. Allah ya raya mana ita. Mu nan mun gode Allah. Ƙafar Baba ta yi sauƙi, Mama tana nan da ɗinkinta. Auta ce dai ba ta jin daɗi, kuma saboda ita na ɗauki biro.

Yaya, akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Kin tuna filin bayan gida, inda masu haƙar ma'adinai suka jibge ƙasarsu suka tafi? Farkon shekarar nan wata malamar gona ta zo ta ce akwai gubar dalma a ƙasar, kuma shuka tana shanta har cikin ganye. Ta cika bokiti uku da ƙasar. Ɗaya ta haɗa da kashin kaji, ɗaya da garin gawayi, ɗaya ta bar shi haka, ta shuka alayyafo, ta rufe samansu da busasshiyar ciyawa. So take ta ga wanne zai riƙe gubar a ƙasa. Kowane bokiti da katinsa mai launi a soke a baki: ja na kashin kaji, shuɗi na gawayi, fari na ƙasa zalla. Ni aka ba ban ruwa, Mama ta ce tunda ba na yi wa mutane magana, wataƙila na yi wa ganye.

Can gefen bokitan nake zama da littattafan da kika bar min. Wata rana ina karanta mai yagaggen bangon nan, na kai inda saurayin ya tsaya cikin ruwan sama yana jiran budurwarsa, na rasa abin saka shaida, sai na zare jan katin bakin bokiti na sa a ciki. Da na kai inda ta mayar masa da zobensa, na zare shuɗin. Kwana biyu suna cikin littafin. Ƙarar babur ɗin malamar ce ta tuna min. Na ruga na tsaya a kan bokitan, ganye iri ɗaya, ciyawa iri ɗaya. Na soka katunan kawai.

Da sakamako ya dawo daga ɗakin gwaji, ta ce abin ya ɗaure mata kai: na kashin kaji ne ya fi tsabta, alhali gawayin ta sa wa rai. Ta tambaye ni ko wani ya taɓa bokitan. Na girgiza kai. Ta ce a dakata sai ta sake gwaji, amma kin san Baba. Ya ce ashe kajinsa sun fi masu digiri ilimi, ya baza kashin a filin gaba ɗaya, ya shuka. Maƙwabta ma da buhu suke zuwa roƙon kashin. Wata biyu ke nan muna cin ganyen.

Yanzu Auta kullum cikinta ciwo, ta daina tsalle-tsallenta, sai ta zauna tana kallon bango. An ɗebi jininta a asibiti, an ce a dawo mako mai zuwa. Ban sani ba ko ganyen ne. Ban ma sani ba ko musanya katin na yi ko daidai na mayar. A littafi in yarinya ta yi laifi takan yi kuka har ta suma. Ni ko ɗigon hawaye. Jikina kamar hannun da aka kwanta a kai. In Mama ta aike ni, da hannuna nake tsinko ganyen, in wanke, in miƙa mata. In an zuba min sai in ture gefe in ce na ƙoshi. Littafin ma na buɗe shi jiya, haruffa kawai na gani.

Ki gaishe min da maigidanki, da surukarki, da Kawu in ya leƙo ku. Ki sumbaci jaririya.

Niyyata in aiko miki ne ki faɗa wa su Baba ta waya, don ke ana jin maganarki. Amma kafin takardar ta iso, sau nawa za a ɗora tukunya? Ga Mama can tana ƙwala min kira in tsinko ganye. Baba yana zaune a bakin ƙofa yana gyaran rediyo, tabaransa a hanci. Bakina ba zai iya ba, amma shi yana iya karanta rubutuna. Shi zan fara miƙa wa. In ta iso miki a yamutse, kin san ta hannun da ta biyo.

Ƙanwarki,
wadda kike kira Shiru-shiru