Abin da Ka Faɗa wa Mama Daga Kan Dutse

Manga, ta Zuru,
14 ga Satumba.

Zuwa ga ƙanena Solomon,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan kana lafiya kai da Sandra da yara, da fatan aikin soja yana tafiya cikin kiyayewar Allah a can Fatakwal. Mu nan lafiya lau. Damina ta yi kyau, dawa ta fara fitar da kai, maigidana Aaron kullum yana gona. Mama ma da sauƙi, sai dai gwiwar nan da ba ta barinta ta miƙe sai an kama ta. Na san za ka yi mamakin ganin takarda a hannun direba alhali ka kawo mana intanet har gida. Dalili shi ne akwatin intanet ɗin a ɗakin Mama yake, bangon ƙasa kuma ba ya barin sabis ya wuce bakin ƙofa, ita kuwa kunnenta ya fi na yaro. Maganar nan ba ta kunnenta ba ce.

Da farko mun gode, Allah ya ƙara buɗi. Tun da ka ji kamfani yana binne wayar faiba a gefen titi zuwa asibitin ƙauye ka ce sai an ja mana reshe, ka kuwa cika alkawari. Amma bari in ba ka labarin da ba ka gani a bidiyo. Kwana huɗu Malam Maharazu, shugaban masu aikin, da mutanensa suka yi suna haƙa daga titi zuwa gida, ramin kuma bai ga hanya ba sai ta tsakiyar lambuna. Kuɓewata da yakuwata duk sun tafi. Ni na dafa musu tuwo safe da rana, ni na riƙe tsani aka kafa sola a kan rufi. Da aka zo liƙa akwatin, Mama ta ce sai dai a bangon da ke kallon gadonta, aka sauke hoton bikina aka jingine shi bayan buhun masara. Koriyar fitilar akwatin na kamawa Mama ta rangaɗa guɗa, ta ce a kira mata matan zumuntar coci su zo su ga abin da ɗanta ya yi mata. Ɗanta! Ni ina tsaye da laka har gwiwa, ko sannu ban samu ba. Malam Maharazu ne ma ya ji kunya ya ce mini an gode da abinci.

Ba zan ɓoye maka ba, Solomon, kishinka nake yi, kishi mai ci, ni da furfura ta fara fito mini. Ranar Lahadi, ranar kiranka ta bidiyo, tun kafin a tashi daga sujada Mama take aikowa in zo in ɗaura mata ɗankwalin nan shuɗi, in shafa mata hoda, in tokare ta da matashi don kada ka ga ta karkace. Minti ashirin tana yi maka dariya har da tafi. Kana kashewa sai ta juyo ta ce na danne mata ƙafa, kunun ma ya yi sanyi. Kai ke samun dariyar, ni nishin ne rabona. Shekara tara ke nan ina yi mata wanka, ina yanke mata farce, amma ko a masai take ta ji wayar ta yi ƙara sai ta ce in yi maza, yallaɓai ne. Haba! Ni da na goya ka har ka yi mini fitsari a baya.

To ga ainihin abin da ya sa na ɗauki biro. Ka tuna kafin faibar nan, duk Lahadi nake hawa dutsen bayan gida neman sabis, mu yi magana, in sauko in ba ta saƙo. Ka tuna kuma abin da kake faɗa: ya Mama, a gaishe ta, ana kiranmu fareti. Shi ke nan. Ni kuma in sauko in tarar da tsohuwa ta zuba wa hanya ido, ina zan iya miƙa mata kalma uku? Sai na riƙa ƙarawa. In ce ka ce kana kewar miyar kukarta, in ce ka yi mafarkinta. Abin da bakina ba ya iya faɗa mata da sunana, don ka san ni da ita ba ma yin minti biyar ba mu yi cacar baki ba, sai na riƙa faɗa da sunanka. Ta kuwa adana su duka. Har yau tana maimaita wa mata a coci, tana cewa namiji ne amma ya fi mace sanin zuciyar uwa, ni ina gefe riƙe da sandarta.

Shi ya sa Lahadin da ta wuce, da ta roƙe ka ka sake faɗa mata maganar nan ta shekarar da Baba ya rasu, don ta ji ta daga bakinka ko sau ɗaya, ka yi dariya ka ce wace magana. Na yi wuf na ce sabis ne ya yanke, alhali fitilar tana nan koriya shar. Ta daɗe tana kallona. Ranar ba ta ci tuwo ba, jiya kuma ta tambayi Aaron ko soja yana sa mutum mantuwa. Allah ya sani, wani ɓangare na zuciyata so yake ta gane, ta san wa ya faɗa. Na kwana biyu ina jin daɗin wannan tunanin, har na ji kunyar kaina. Amma in ta gane, ba ni za ta samu ba, kai za ta rasa, kuma a shekarunta ba za ta ɗauka ba.

Saboda haka ga abin da ka faɗa, ka haddace. Ka ce da ka ga an binne Baba ba ka ji ka zama maraya ba, domin ita ce gidan tun asali. Ka ce duk shekarun da Baba yake bariki ita ta yi noma ta yi sussuka ta kai mu makaranta, ba ta taɓa barin mu ga hawayenta ba, amma kai ka sha ganinta a bayan rumbu, ka yi shiru don kada ta ji kunya. Ka ce in za a sake haihuwarka sau goma, cikinta za ka zaɓa. Da yarenmu za ka faɗa, ba da Hausa ba, kuma a hankali, kada ka yi mata irin muryar fareti. In ta yi kuka ka bar ta ta yi.

Ka gaishe mini da Sandra, da Michael da ƙanwarsa Success, ka ce musu Gwaggo ta ajiye musu gyaɗa. Aaron yana gaishe ka. Ka kira ranar Lahadi ƙarfe biyu, lokacin na gama shirya ta. Kada ka damu ko ka yi tuntuɓe a tsakiya, ni ce zan riƙe wayar, kuma ba zan ce komai ba.

Allah ya tsare mana kai.

Yayarka,
Dinah