Dutsen da Ban Gama Aunawa Ba

Baba,

Ina gaisuwa. Ya ƙafar taka? Ya Inna da yara?

Lafiyata lau, sai idanu da ke ɗan yaji saboda kwamfuta. Kada Inna ta ji.

Dutsen sararin samaniyar da kuka ji wai zai faɗo duniya, lissafinsa a teburina yake. Hoto huɗu kacal na'urar hangen nesa ta ɗauka. Shugabana ya ce, "Sa hannu mu tabbatar wa jama'a inda zai bi." Na ce, "Ranka ya daɗe, hoto huɗu ba ya nuna hanyar dutse." Tun daga ranar, da ƙyar yake amsa gaisuwata. Ko zai shekara yana fushi, sai na ƙara aunawa.

Na ji Kawu ya fasa shuka bana saboda tsoron dutsen. Ka ce masa ya ɗauki fartanyarsa. In akwai abin tsoro, daga bakina za ku fara ji.

A sa ni a addu'a.

'Yarka